Esin Ɗakin Inna

Esin da ke sanyaya ɗakin ya sake ɗaukewa tun kafin Mai Sanyi, mai gyaran esi, ya ajiye jakar kayan aikinsa. Iskar da ta fara fitowa ta tsaya cak, 'yar fitilar gabansa ta hau ƙiftawa, wasu haruffa suka bayyana. Ya san su sarai. Na'urar na cewa wutar da take ja ta wuce kima, shi ya sa ta kashe kanta kafin wani abu ya ƙone a ciki.

Inna, surukarsa, tana kan gado an tokare mata baya da matasai, tana numfashi sama-sama kamar wadda ta hau tudu. Ciwon zuciya ne, kuma likita ya ce zafi ba ya yi mata. Ya durƙusa ya gaishe ta kansa a sunkuye. Ta amsa, ta tambaye shi aiki, ba ta ce masa ina ya shige ba. Da ma ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Rabonsa da gidan tun 'yan makonni bayan rasuwar matarsa, autar gidan. Babu faɗa, babu ɓacin rai. Sai dai duk sa'ad da ya doso ƙofar, ƙafa ta yi masa nauyi, ya ce sai gobe. Allah bai ba su haihuwa ba, balle a ce ga jika da zai riƙa janyo shi. Ga kuma wata magana da yake ta juyawa a ciki: ya sami wadda zai aura, wata mai kantin magani a layin shagonsa, ya rasa bakin da zai faɗa wa tsofaffin nan.

Baba, surukinsa, tsohon kafinta ne da ciwon ido ya sa ya ajiye zarto. Shi ya kira shi da safe, yana ta kame-kame kamar mai roƙon alfarma wurin baƙo. Yanzu yana tsaye a bakin ƙofa yana bayani: da sanyin safiya esin yakan yi aiki lafiya lau, amma da rana ta take sai ya fara wannan iya shege. Wani mai gyara ya zo ya saurara daga cikin ɗaki, ya ce kwamfiresa, zuciyar injin, ce ta mutu, irin waɗannan na zamani da ake kira inbata ba a wahala da su, a jefar kawai a sayi sabo.

"Ni kuwa ba zan jefar ba," in ji Baba a hankali. "Ita ta kawo shi."

Mai Sanyi bai ɗago ba. Ai shi ya ɗaura shi da hannunsa, marigayiya matarsa tana riƙe masa tsani tana tsokanarsa wai ya karkace.

Ya fara da abin da ya fi sauƙi. Ya auna wutar gidan, ya ga ba ta yi ƙasa ba. Ya zare ragar tace ƙura, ya same ta fes, alamar ana wanke ta a kai a kai. Sai ya ce a nuna masa injin waje, duk da ya san hanya.

A bayan ɗakin ya ja ya tsaya. Babu injin, sai wani akwati na katako mai kyau, an goge shi an shafa masa fenti, har da ƙofa da 'yar sakata. A samansa an shimfiɗa guntun kafet. Baba ya shafa gefen akwatin, ya ce ya ga rana na dukan injin ne, fentinsa har ya fara kwailewa, shi ne ya lallaɓa ya yi masa ɗaki. Da lalube ya yi rabin aikin, amma ko kusurwa ɗaya ba ta goce ba.

Mai Sanyi ya buɗe ƙofar, wani hucin zafi ya bugi fuskarsa kamar an buɗe tanda. Ya riga ya gane, amma ya kasa faɗa. Yaya za a yi ya dubi dattijon nan ya ce masa aikin hannunsa ne ke shaƙe matarsa? Sai ya yaba aikin tukuna, kuma da gaske ya yaba. Sannan ya ce yana so su gwada wani abu tare. Ya buɗe murfin gefe, ya maƙala mitarsa a jikin wayar da ke shiga injin, ya miƙa wa Baba ya riƙe kusa da ido, ya rufe akwatin gwargwadon yadda zai rufu, ya sa aka kunna. Lambobin suka fara hawa. Suna hawa, suna hawa, har injin ya yi wani gurnani ya mutu.

Ya yi masa bayani cewa aikin injin nan shi ne ya kwaso zafin ɗaki ya watsar a waje. In bai sami inda zai watsar ba, sai ya shaƙi abinsa, kwamfiresa ta yi ta yunƙuri, tana yunƙuri tana ƙara zuƙar wuta.

Baba ya daɗe yana kallon mitar.

"Ashe ni ne," ya ce.

"Rana ce, Baba. Kun yi daidai da kuka ce tana cutar da shi. Inuwa yake so, bango ne ba ya so."

Tsohon ya yi 'yar dariya, ya ce kada ya yi masa wayo, shi ya haifi wadda ta koya masa daɗin baki. Ya shiga ya ɗauko guduma da kansa. Tare suka ɓamɓare akwatin, Baba na miƙar da kowace ƙusa yana jefawa a aljihu, don kafinta ba ya zubar da ƙusa ko da ya makance.

Mai Sanyi ya wanke bayan injin da tiyo har baƙin ruwa ya koma fari, ya juya fankar da yatsa ya ji tana tafiya sumul. Aka sake kunnawa. Lambobin suka hau a hankali fiye da ɗazu, amma suka ƙi tsayawa. Injin ya sake mutuwa. In dai zafin ya riga ya cinye kwamfiresar, to wancan mai gyaran bai yi ƙarya ba. Daga taga yana jin tarin Inna.

Ya kashe wutar gaba ɗaya, ya jira ragowar wutar da ta taru a allon injin ta sauka, sannan ya cire hular kwamfiresa. Wayoyi uku ne ke shiga. Ya zare su, ya auna tsakanin ƙafafun da suke kamawa bi da bi, ya ga awon ya zo ɗaya, kuma babu wadda ta haɗu da jikin ƙarfe. Ya sauke ajiyar zuciya. A bakin waya ta ukun ya ga ɓarnar: zafi ya sassauta ta, ta yi baƙi ƙirin, tana taɓawa tana saki. Ya yanke wurin, ya goge ƙafar da sanfefa, ya sa sabon baki ya matse da filaya.

Wannan karon lambobin suka hau, suka tsaya, can suka fara sauka da kansu. Baba bai yarda ya saki mitar ba sai da hannunsa ya gaji.

Ko da ya koma ɗaki, sanyi ya fara sauka, numfashin Inna ya daidaita. Ya tsuguna zai yi sallama, har yanzu bai faɗi maganar auren ba. Ta yafito shi ya matso.

"Na ji labarin mai kantin magani," ta ce. "Wurinta ake sayo mini ƙwayoyina. Yarinyar kirki ce."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Mun rasa ɗaya, ɗan nan. Kada ka sa mu rasa biyu."

Sai kuma ta tambaya ko yarinyar na da surutu, don in ita ma shiru-shiru ce irinsa, gidansu zai zama kamar ɗakin jarrabawa. Dariya ta kuɓuce masa, hawaye suka biyo ta, ya sa hannun riga mai maiƙo ya share. Bai tashi ba sai da barci ya ɗauke ta.

A bakin titi, kafin ya tada babur, ya ciro waya ya kira mai kantin magani. Ya ce gobe ta rufe da wuri, za su je gaida iyayensa. Ta ce ai ya gaya mata iyayensa sun rasu tun yana ƙarami.

"Haka ne," ya ce. "Ki dai shirya."