Mai Baƙanta Allo

Shekara goma sha tara mahaifina Gado yana baƙanta allunan makarantu daga Garhanga har Ibohamane, kuma babu mahaluƙin da ya taɓa ce masa kul. Ni ma ban ce ba. Ni Mansura, 'yarsa, malamar aji uku mai takardar shaida a jaka, da hannuna nake tara masa kayan aikin.

Ga yadda ake yi. In an kusa komawa makaranta, kowane malami sai ya sa 'yan ajinsa su kawo matattun batura na tocila ko na rediyo. A tara a buhu a kai wa Baba. Shi kuma ya fasa su da guduma, ya kankare baƙin garin da ke ciki, ya shanya, ya daka a turmi, ya tankaɗe da tsohon kallabin Inna, sannan ya kwaɓa da ƙaro ya shafe allo. Allon da Baba ya shafe, alli yana hawa kansa raɗau, ko daga ƙarshen aji kana karantawa. Har daga Buza ake aiko masa, shi ya sa aikin ba shi da rani ba shi da damina.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙofar nan. A ɗakin ajiya yake dakan, ya ja ƙofa, ya toshe taga da tsumma. Wai iska ɓarauniya ce, garin da ya fi laushi take fara ɗauka, shi ne kuwa mai baƙin gaske. Sai ya zauna a ciki tun hantsi har azahar, ya fito kamar gindin tukunya, ya kaki majina baƙa wuluk, ya ɓare goro da hannun nan ya jefa a baki. Mu kuma mu yi ta ƙyaƙyata dariya muna ce masa dodo.

Bara hannunsa ya fara rawa. Ludayin fura ba ya kai bakinsa sai rabi ya zube. Daga nan tafiyarsa ta sauya, yana ɗaga dunduniya yana takawa da yatsu kamar zakara, maganarsa kuma ta yi nauyi. Nan da nan masana suka yi yawa a gidanmu. Dangin Inna Cima, mahaifiyata, suka ce iskokin kakanni ne da aka yi watsi da su tun da aka kama salla. Aka yanka baƙin bunsuru, aka ci nama, kowa ya goge baki ya kama gabansa. Baba yana nan yadda yake, ranar ma da la'asar sai da ya shiga ya yi daka.

Da na gaji na ɗauke shi a mota na kai shi asibitin Keita. Likitan ya sa shi ya yi tafiya, ya juya, ya rubuta sunansa. Sannan ya kama hannunsa ya daɗe yana kallon farcen.

"Tsoho, wane aiki kaka yi?"

Baba ya faɗa masa, har da alfahari. Likitan ya ajiye biro ya dube ni.

"Wanga gari na cikin batir, manganis a ciki. In an shaƙe shi yau da gobe, daga huhu shina bin jini ya tahi ƙwaƙwalwa. Shi ya taɓa mishi hannu da ƙahwa. Ba a daka shi busasshe, ba a taɓa shi hannu tsirara, ba a ci abinci sai an wanke hannu da sabulu. Balle a kulle ɗaki da shi! Abin da ya lalace da wuya ya dawo, amma in ya ƙara shaƙa, tahiyar ma gaba ɗaya za ta tsaya." Ya ƙura mini ido. "Madam, ke da kinka yi karatun boko a lakwal, ba ki taɓa tambaya ba?"

Da mari ya ɗauke ni da ya fi mini sauƙi. Shekara nawa ina koya wa yara su wanke hannu kafin cin abinci, a kan allon da ubana ya shafe da lafiyarsa. Muka hau mota muka koma gida. Da saukarmu na sa wa ɗakin ajiyar kwaɗo, na jefa makullin a jakata.

Sati uku bayan haka aka koma makaranta. Ran nan na taso da azahar, tun daga bakin zaure na ji ƙarar taɓarya. Ba irin dakan da na sani ba ne, wannan sai ya buga ɗaya, ya daɗe, ya sake bugawa a gefen turmi. A tsakar gida ga Mushe Abdulrazak, wato Malam Abdulrazak, daraktan makarantarmu, ya miƙe ƙafa a tabarma yana shan shayi. An ɓalle kwaɗon. Ƙofar a rufe ruf.

Na banka ta da ƙafa. Baƙar ƙura ta bugo ni, na ja mayafi na toshe hanci. Baba yana tsaye ya jingina da bango don kada ya faɗi, taɓarya tana rawa a hannunsa biyu. Ga sabon buhu cike da batura a gefe.

Na fito na tsaya a kan darakta. "Mushe, ban gaya maka abin da likita yac ce ba?"

"Madam, yi haƙuri. Hwenti bai zo ba bana, kuma ansifekta mai duba makarantu na tahe jibi. Tabulo shida na, allunan dut sun yi hwari. Sau guda ɗai, mi za ya yi mishi?"

"To shiga ka daka! Ga turmi, ga taɓarya, ka ja ƙohwa. Sau guda ɗai!"

Ya dubi farar rigarsa, ya ajiye kofin, ya nemi takalmansa. Ko sallama bai yi ba.

Na koma ɗakin na kwara bokitin ruwa a turmin, garin ya zama caɓi. Na ƙulle bakin buhun na ɗora a kai. Sai a lokacin Baba ya samu bakin magana, kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

"Aje... buhun ga. Ba shi... yas sa ni ba. Ni... nib ɓalle kwaɗon."

"Baba, kana son ka koma a ɗauke ka a kwantar?"

"Noma... ya hi ƙarhina. Ko igiyar akuya... ba ni iya ɗaurewa. Wanga ɗai... ya rage da mutane ka zuwa nema na."

Na san gaskiya ya faɗa, kuma hakan ya ƙara mini haushi, na rasa wanda zan huce a kansa. Na nufi zaure. Ya biyo ni da tafiyar nan tasa, taku uku, na huɗu ya yi baya ya zube a ƙasa. Inna ta saki tsintsiya ta yi kansa da salati.

Ni ce 'yarsa ta fari. Tunda aka haife ni, don kunya, bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce ke, ko ya ce Madam. Ranar, yana kwance a ƙasa Inna tana tallafe da kansa, ya ɗaga murya iya ƙarfin da ya rage masa.

"Mansura!"

Ƙafafuna suka tsaya da kansu. Hawaye ya cika mini ido har ban ga ƙofar zauren sosai ba. Na gyara zaman buhun a kaina, na fita.