Gansakukar Ramin Galamse

Ni na fara zargin yarinyar nan, ba zan ɗora wa kowa ba. Ƙanena Aruna yana kiwon raguna a bayan garin Bawku, yana kai su Salaga gab da Layya, abin da gidanmu ke ci ke nan shekara guda. Kusa da garkensa akwai tsohon ramin 'yan galamse, masu haƙar zinariya. Ruwan ja ne, ko kwaɗo ba ya zama ciki, sai wata gansakuka mai kauri da ta shimfiɗu a hanyar da yake gangarowa mashayar dabbobi.

Sai ga wata 'yar Yendi, Zenabu, wai ɗaliba ce, kullum tana tsugune bakin ramin da kwalabe da safar hannu. Wane mai hankali zai baro Yendi don ɗibar ƙazanta? Ban yarda da ita ba. Da raguna uku suka kama rawar jiki, na huɗu ya mutu, na ce wa Aruna biri ya yi kama da mutum. Muka je muka tsare ta, raina a ɓace.

"Me kike zubawa cikin ruwa?" Aruna ya daka mata tsawa.

Ba ta ko dube shi ba. Hanyar ruwan take kallo, an kankare ta tas.

"Baba, wa ya kwashe gansakuka?"

"Ni ne," in ji Aruna. "Na share datti, raguna su sha ruwa mai kyau."

Ta dafe kai. "Baba, ramin nan na da zaiba da dalma, tun wankin zinariya. Gansakukan ne ke kama su, yana riƙe a jikinshi. Na auna, ruwa in ya wuce ta kanshi dafi na raguwa. Duk dafin na cikinshi. Ina ka zubar?"

Aruna ya juyo ya dube ni. Kunya da tsoro suka rufe ni.

Ranar da ya kwashe gansakukar, shi ya so ya binne ta. Ni na hana, na ce ɗanyen abu kore haka ba a asararsa ga mai kiwo. Na shanya ta, na daka, na cakuɗa da dusa da kanwa. Da safen nan ma, kafin mu fito kama mai laifi, da hannuna na zuba wa sauran goma sha ɗaya, suka lashe kwanon tas.