Jan Ƙyalle da Farin Ƙyalle

A zamanin En'e, a wani gari da ke bakin kogin Haɗejiya, akwai wani ƙaramin gidan yari mai fursuna ashirin da biyu. Mai kula da shi wani gandiroba ne, Kofur Zarami, wanda ya shekara goma sha ɗaya da igiya biyu a hannun riga yana jiran ta uku. Duk waɗanda suka shiga aiki tare sun zama saje, har da wanda shi ya koya wa ɗaura ɗamara.

Aikin gidan ba shi da wuya. Kullum da safe fursunoni sukan haye fadama su yanko wa dawakin hakimi ciyawa, kafin la'asar sun dawo. Mai jan su shi ne Baƙo, ɓarawon awaki, wanda wannan ne ɗaurinsa na tara. Ya san mashigin ruwa, ya san inda kada ke shan hantsi, ya kuma san lokacin da ake sauke tuwo, don haka bai taɓa makara ba.

Ran nan sai Di'o ya zo rangadi, wani Bature da ake kira Mai Lofe. Ya sa tafinta ya bayyana sabon tsari. Za a raba fursunoni gida biyu. Wanda wannan ne ɗaurinsa na fari, a ɗinka masa farin ƙyalle a ƙirji, shi ne mai amana, shi zai riƙa fita aiki. Wanda ya saba shigowa kuwa, a ɗinka masa ja, kada ya ƙara leƙa waje.

"Zai dawo bayan mako biyu," in ji tafinta. "Ya ce in ya tarar da tsari ya zauna, kuma fursunoni sun cika, za ka sami igiyarka."

Zarami ya ƙame ya sara. Washegari ya kira tela. Mutum goma sha huɗu suka sami ja, takwas suka sami fari. Takwas ɗin nan duk manoman shinkafa ne daga wajen Auyo, waɗanda alƙali ya ɗaure wata uku saboda faɗan kan iyakar gona.

Baƙo ya dubi jan ƙyallensa, ya shafa shi. "Kofur, ranka ya daɗe, ai an ba mu hutu ke nan. Amma waɗannan bayin Allah da za ka fitar, ka san shinkafa ta fara nuna?"

"Kai dai zauna inda hukuma ta ajiye ka."

"Na zauna. Ni ina ruwana."

Kwana uku abin ya tafi daidai, sai dai ciyawar ba ta kai rabin ta da ba. A na huɗu, suna tsakiyar yanka, sai ga garken tsuntsayen jan baki masu cin shinkafa ya taso kamar hadari, ya nufi gonakin da ke tsallaken ruwa. Babban cikin manoman, Shu'ibu, ya miƙe ya kare ido da hannu. Ya ajiye lauje a hankali, ya ce, "Kofur, ka yi mini gafara, waccan gonata ce." Ya faɗa ruwa. Sauran bakwai suka bi shi, kowa yana ba da haƙuri. Zarami ɗan tudu ne, bai iya iyo ba. Ya tsaya a gaɓa yana busa usur har maƙogwaronsa ya bushe.

Ya koma gida shi kaɗai da lauje takwas a hammata. Ya daɗe zaune a zaure yana duban hannun rigarsa, yana tunanin ko biyun ma za a bar masa. Daga nan ya buɗe ɗakin masu ja.

"Baba Baƙo."

"Yau kuma ni ne baba? Allah ya sa lafiya."

"Masu amana sun tafi."

"Ba tafiya suka yi ba, Kofur, gona suka je. Mu da ba mu da gona, ka taɓa jin mun je?"

Zarami ya kauce daga bakin ƙofa. Ya miƙa masa sandar tuƙa kwalekwale.

Kwana biyu Baƙo da mutum uku suna zaga gonaki. Suka taya manoman kafa mutum-mutumi, suka ja igiyoyi masu gwangwani, sannan suka taso su gaba ɗaya. Sun dawo da mutum takwas cif, da wata akuya da Baƙo ya rantse ita ta biyo su. Zarami ya sa aka mayar da ita, sannan ya tara kowa a tsakar gida.

"Ku tuɓe riguna," in ji shi. "Mai fari ya ba mai ja."

Fari takwas ne kawai, don haka ya zaɓi takwas da suka fi daɗewa da sanin gidan ya ba su. Shu'ibu ya karɓi rigar Baƙo yana ƙunƙuni, wai shi bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Daga ranar ciyawa ta koma zuwa kamar da.

Mai Lofe ya dawo ranar da ya ce. Aka jera fursunoni, ya ƙirga, ashirin da biyu. Ya dubi tulin ciyawa, ya gyaɗa kai. Ya tsaya gaban Baƙo, wanda ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya yi wata doguwar magana.

"Ya ce shi tun daga fuska yake gane mutumin kirki," in ji tafinta. "Wannan dattijo tsautsayi ne ya kawo shi nan."

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe," in ji Baƙo. "Tsautsayi ne."

Da ya iso kan Shu'ibu, wanda ke ta waiwayen fadama, sai ya ɗaure fuska. Ya ce irin waɗannan masu jan ƙyalle bai kamata su zauna a inuwa suna cin tuwon hukuma ba. Wane aiki ne ya fi kowanne wahala a ƙasar nan?

Zarami ya yi kamar yana nazari. "Korar tsuntsu a gonar shinkafa, ranka ya daɗe. Mutum ya wuni tsaye cikin ruwa, rana a ka, ga sauro ga matsattsaku. Ba mai so."

Bature ya ce tun daga gobe a kai su, kuma Kofur da kansa ya tsare su. Ya zaro alƙalami ya rubuta takardar igiya ta uku, ya ƙara da cewa a turo gandirobobin wasu garuruwa su zo su ga yadda ake rarrabe fursuna.

Da gari ya waye, Saje Zarami ya zauna a tsakiyar kwalekwale ya riƙe gefe da hannu biyu, ana haye da shi zuwa gonar Shu'ibu.

"Saje," in ji Baƙo, yana tura sanda, "in baƙin nan sun zo koyon aiki, me za ka ce musu?"

"Zan nuna musu tela," in ji Zarami. "Kai dai tuƙa a hankali."