Lebura a Hanyar Dutse

Gaji ta ture hannun dogarin, ta ratsa layin masu ɗaukar ƙasa har gindin dabinon da tafinta ke zaune. Tun daga Aujara take tafe a ƙasa, kuma ba gaisuwa ta kawo ta ba.

"Kai ne bakin Nasara? To, faɗa mini. An shiga gidana ana tsakiyar noma, an tafi da ɗana aikin hanya, wai shi lebura ne. Mene ne lebura?"

"Inna, kalmarsu ce. Mai aikin ƙarfi, aikin shan wuya. An ce su ma a wurin Rumawan dā suka aro ta."

"Aro! Wahalar ma sai an aro mata suna? Muna da tamu, ba mu ce ta yi mana kaɗan ba."

Masu kwanduna suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

A cikinsu ta hango Sharhabilu, ɗanta na fari da ba ta taɓa kama sunansa ba, kwando a ka, wuya duk ya zurma. Sai ta tuna gayya a zamanin mahaifinsa: ganga tun hantsi, samari a jere da fartanya, 'yan mata da ƙoren fura, a cinye gona kafin la'asar ana tsokanar wanda aka bari a baya. Gumin dai shi ne, amma ba a taɓa tsaya musu a ka da bulala ba. Yanzu ga gero can ciyawa na shaƙe shi. In ya mutu, bana gidan ba tuwo.

"A ba ni ɗana. Damina ba ta jiran hanyarku."

"Ba ni da iko, Inna. Doka ce, kowane gida mutum ɗaya, har a gama."

"Mutum ɗaya. Sun ce lallai namiji?"



Gaji ta kwance mayafinta, ta naɗe shi gammo. Ta fizge kwandon daga kan ɗanta, ta aza a nata.

Sharhabilu ya ce, "Inna, don girman Allah..."

"Kai wannan, wuce gida. Ka fara da gonar bakin fadama, ta fi lalacewa. Kuma kada ka bar mini awaki da ƙishirwa."

Dogari ya dubi tafinta, tafinta ya dubi ƙasa. Layin ya motsa. Gaji ta bi, tana yi wa na gabanta faɗa wai ba ya sauri.