Ranar da Luba Ta Wanke Randa

"Da omo?" in ji Bashar. "Da omo kika wanke ta?"

"Da omo da soson ƙarfe," Luba ta ce, tana goge hannu da gefen zaninta. "Leƙa ka gani. Har fuskarka za ka hango."

Ya leƙa. Ya kuwa hango fuskarsa a ɗan ruwan ɗauraya da ya kwanta can ƙasan randar. Fuskar wanda aka yi wa rasuwa ce.

"Kin san abin da kika wanke?"

"Dauɗa. Baƙa ƙirin, kaurin yatsa. Da a asibitinmu aka ga wannan, da an rufe ɗakin."

"Kakana kika wanke, Luba."

"To Allah ya jiƙansa. Ya daɗe bai yi wanka ba."

Bashar ya zauna a kan turmi. Ba su daɗe da aure ba, kuma ma'aikaciyar jinya ya aura. Tun ranar da ta tare take yaƙi da duk abin da ya yi baƙi a gidan. Ta gama da tukwane, ta gama da butoci, ta kankare allon karatunsa na yarinta. Ɗakin randuna kaɗai ya tsira, don kullum a kulle yake. Jiya ya manta da mabuɗin a jikin ƙofa.

Duk wanda ya san Tudun Wada a Gusau ya san Gidan Mai Tsamiya. Kakan Bashar ne ya kafa sana'ar, ya zo daga Bilbis da jaki ɗaya da randa ɗaya, tun jirgin ƙasa yana jidar gyaɗa. Tsamiya ake jiƙawa da citta da kanumfari, a ƙarfafa ta da zuma, a bar ta ta kwanta har ta yi jiki. Ba ta bugarwa. Malamai sun zo sun bincika ba sau ɗaya ba, wasu ma sukan zo da gora don su ƙarasa binciken a gida.

Randuna uku ne: Amarya, Inna da Tsohuwa. Sabon haɗi a Amarya yake sauka. Daga Amarya a cika Inna, daga Inna a cika Tsohuwa, daga Tsohuwa kaɗai ake ɗiba a sayar. Doka ɗaya ce: ba a ɗiba ya wuce rabi. Saboda haka duk kofin da mutum ya sha, akwai ɗigon da ya fito daga hannun Kaka. Ba mai rai da ya taɓa ganin ƙasan Tsohuwa. Sai yau.

"Ni fa ɗan guntu na tarar," Luba ta ce. "Wa ya kwashe sauran?"

Bashar ya kau da kai. Shi ya kwashe. Wani ɗan kwangila ya aurar da 'yarsa jiya, ya aiko a ɗura masa a robobi, Bashar ya yi ta ɗiba yana cewa saura kaɗan, saura kaɗan. Niyyarsa da safe ya cika ta daga Inna, ba wanda zai sani.

Ya ɗaga kai ya dubi ludayin da ke rataye a ƙusa. Na duma ne, ya yi baƙi don tsufa, shi ma Allah ne ya tsare shi daga soson Luba. Mahaifinsa, Alhaji Sani, ya rataye shi nan ranar da za a kai shi aikin yanar ido. Yanzu yana jinya a Bungudu, gidan 'yarsa Hussaina. Abin da ya faɗa a bakin mota bai da tsawo.

"In na dawo na iske ta yadda na bar ta, ludayin ga naka ne. In ba haka ba, akwai Anas."

Anas mijin Hussaina ne. Burinsa a duniya ya ga an ɗura tsamiyar gidan a leda, yara suna tallanta a tasha.

Yau kuma Alhaji zai dawo, kafin magariba.

"Ina za ka?" Luba ta tambaya, ganin yana ɗaukar jarka.

"Tsafe."

"Wurin wa?"

"Wurin wanda ba a faɗin sunansa a gidan nan."

Baba Ila ƙanin Alhaji ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Masoro ne ya raba su. Baba Ila ya rantse mahaifinsu yana jefa masoro a haɗi, Alhaji ya rantse bai taɓa ba. Magana ta yi tsawo, Baba Ila ya cika tulu daga Tsohuwa ya hau mota, ya kafa tasa randar a Tsafe. Bashar yana aji biyu a firamare lokacin. Ko gaisuwar sallah ba ta ƙara haɗa su ba.

Bashar ya same shi da hantsi a rumfarsa kusa da kasuwa, yana korar ƙudaje da mafici. Kamarsu ɗaya da Alhaji, har yadda suke harara. Bashar ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi ko shi ɗan wane ne.

Maficin ya tsaya.

"Ya mutu ne?"

"A'a, Baba. Aikin ido aka yi masa."

"Dama can ba shi gani. To mi ya kawo ka?"

Bashar ya faɗa, a gajarce, idonsa a ƙasa. Baba Ila ya saurara har ƙarshe. Sai ya fara dariya. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya kira mai shayin da ke gefe, ya sa Bashar ya maimaita. Ya kira mai gyaran babur, shi ma aka maimaita masa.

"Da omo! Jama'a, kun ji masu asali! To yanzu asalin yana ina?"

Bashar ya hau murza murfin jarka.

"Tambayarka nike, ɗana. Yana ina?"

"Yana Tsafe, Baba."

"Ɗaga murya. Mai babur kurma ne."

"Yana Tsafe!"

"Kakanka yana sa masoro ko ba shi sawa?"

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. "Yana sawa," in ji Bashar.

Tsohon ya karɓi jarkar ya shige ɗaki. Bashar ya hango shi ta ƙofa. Bai ɗiba daga sama ba. Ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya zura ludayi can ƙasa inda mai kaurin take kwance, yana ɗurawa a hankali. Da ya gama ya jiƙa buhu ya naɗe jarkar kamar jariri.

"Kar ta sha rana. Kar ta sha jijjiga. Kar kowa ya buɗe ta." Ya miƙa masa. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya ɗauki maficinsa. "Tashi ka tafi. Hanyar ga ba a yin yamma a kanta."

Motar da ya samu tana da rana tana da jijjiga. Mutum huɗu a baya, Bashar a tsakiya, jarka a cinya. Kafin su bar Tsafe sosai ta fara kumbura, tana wani ɗan tsaki ta bakin murfi.

A shinge na farko wani mai kaki ya leƙo.

"Mene ne wannan?"

"Tsamiya ce, ranka ya daɗe."

"Tsamiya mai numfashi? Buɗe."

"An ce kar a..."

"Malam, buɗe masa mu wuce," in ji direba.

Ya buɗe. Kumfa ta yi tsalle ta sauka a gyalen wata tsohuwa da ke gefensa. Mai kakin ya shinshina, ya ɓata rai. A jihar nan, ya ce, ba a wasa da irin wannan. Dole a tabbatar. Ya ɗauko kofin roba, ya tabbatar. Ya lumshe ido. Ya ce shi a nasa bakin ba giya ba ce, amma shi ƙaramin ma'aikaci ne, sai oga ya gani. Oga ya zo ya gani. Ya ce kofin farko ba ya nuna gaskiya, ya ƙara gani.

"Halal ce," ya yanke hukunci, yana lasar gashin baki. "Ku sauka lafiya."

Tsohuwar ta lashi gyalenta. Nan take tari ya kama ta, wanda ta ce ya shekara yana damunta, kuma an ce mata tsamiya da citta ne maganinsa. Ta zaro kofi daga jaka. Bashar ya dubi kofin, ya dubi furfurarta. Ya zuba mata.

A shinge na biyu ba a ma tambayi takardun mota ba.

"Ina mai jarkar?"

Labari ya riga su isowa ta waya. Su biyar ne a nan, kowa da shakkarsa. Wani ya ce shi ya yi karatun addini, shi ya kamata ya fara. Wani ya ce yana mura, bai ji ɗanɗanon ba, a sake. Direba ya ce tunda a motarsa ake ɗauke da abin, in haram ne shi za a fara kamawa, don haka yana da hakkin ya sani.

Bashar ya yi ta zubawa. Yana jin jarkar tana ƙara sauƙi a cinyarsa. Ya tuna ledojin Anas. Ya hango sunan kakansa a kwata, akuya tana taunawa.

Da suka shigo Gusau bayan la'asar ya girgiza jarkar. Abin da ya amsa daga ciki bai fi cikin tafin hannu ba.

Ya tarar da tsakar gida cike da robobi, an wanke su an kife a rana. Luba tana tsaye a ƙofar ɗakin randuna, ta ci ɗamara.

"Ka ce abin da ke cikinta ne gadon," ta ce. "To ai bai bar garin ba. Na je gidan bikin. Na bi ɗaki ɗaki, na bi firji, na bi har maƙwabtan da aka raba wa. Uwar amarya ta ɗauka na haukace. Wasu ba a buɗe ba, wasu an sha rabi."

Ya wuce ta ya leƙa Tsohuwa. Ba fuskarsa ya gani ba. Tsamiya ce, ta kusa rabi, har da wadda Luba ta ƙara daga Inna. Ya ajiye jarkar. Tun da ya aure ta bai taɓa jin yana sonta kamar yanzu ba.

"Luba," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."

"Amin. Kuma kar ka damu da bakin mutane. Sai da na tafasa ta sosai."

Ya juyo a hankali.

"Kika me?"

"Tafasawa. Ka san ƙwayoyin cutar da ke bakin 'yan biki? Duk abin da ke da rai a cikinta na kashe shi."

"Abin da ke da rai a cikinta," in ji Bashar, "shi ne ita."

Hon ɗin mota ya yi ƙara a waje. Ba lokacin faɗa. Ya kwance buhun, ya kife jarkar Baba Ila a bakin Tsohuwa, ya bubbuga ta har ɗigon ƙarshe ya faɗa. Luba ta cusa jarkar a bayan Amarya.

Alhaji Sani ya shigo da baƙin tabarau, Anas yana riƙe da hannunsa yana murmushi. Bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba. Ya amsa gaisuwar Luba, ya nufi ɗakin randuna kai tsaye. Ya laluba ƙusa, ya sauke ludayi, ya yi bisimilla ya ɗiba.

Ya kurɓa. Ya riƙe a baki. Ya haɗiye.

"An ga ƙasanta," ya ce.

Bashar ya dubi Luba.

Ya sake kurɓa. "An wanke ta. Da sabulun wanki." Ya juya tabarau wajen Luba. "An kuma ɗora ta a wuta. Sannu da aiki, ɗiyata."

"Yauwa, Baba," ta ce da ƙaramar murya.

Anas ya gyara tsayuwa. "Alhaji, dama na faɗa. Shi ya sa injin ledar nan, in aka..."

"Yi mani shiru."

Alhaji ya ɗibi na uku. Wannan ya daɗe a bakinsa. Bashar yana kallon maƙogwaronsa, yana jira ya motsa. Da ya motsa, sai tsohon ya dafa bakin randar da ɗaya hannun, kamar ƙasa ta ɗan goce masa.

"Masoro," ya ce.

Kaza ta shigo ɗakin, ta duba, ta fita.

"Mutum ɗaya ne a duniya ke ɓata tsamiya haka." Ya shinshina ludayin. "Daga ƙasa ya ɗibo maka. Ba daga sama ba."

"E, Alhaji."

"Shi ya hana ta mutuwa. Da sauran rai a ciki, kaɗan." Ya miƙo ludayin, ba tare da ya juyo ba, har ya taɓa ƙirjin Bashar. "Riƙe. Ba kyauta ba ce. Wanda ya ɓata shi ka gyarawa. Kafin ta dawo hayyacinta ka yi furfura. Ke kuma, ɗiyata, in na sake jin ƙamshin sabulu a ɗakin ga, ni da ubanki ne."

Bashar ya karɓa da hannu biyu. Bai san ludayin duma yana da nauyi haka ba. Anas ya fita duba tayar motarsa, wadda ba abin da ya same ta.

Alhaji ya nufi ƙofa yana laluben bango. A bakin ƙofar ya tsaya. Ya cire tabarau, ya goge sabon idon da hannun riga, ya mayar. An fara kiran magariba a masallacin unguwa. Bai juyo ba, kuma muryar da ya yi magana da ita ba irin wadda Bashar ya sani ba ce.

"Shi ɗin," ya ce. "Ya tambaye ni?"