A Ɗakin Yanka Ba a Zama

Ranar da na kai wa Manaja takardar ajiye aiki, sai da ya karanta ta sau biyu, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara goma sha ɗaya da na yi a masana'antar ɗinkinsa. Ya nuna mini kujera.

"Zauna mana, Malama."

Na ce masa na gode, na saba da tsayuwa.

A bayan idonsa Agogo muke kiransa, don ba ya iya gaisawa da mutum bai dubi tsintsiyar hannunsa ba. Ranar kuwa ya manta da agogon sarai. Ya tambaye ni ina zan koma, na ce sabuwar masana'antar da aka buɗe a ɗaya gefen gari. Nan take ya sha jinin jikinsa, don ya san wata mai kamawa ne za a fara ɗinkin kayan ma'aikatan wani babban asibiti, aikin da ya yi shekara biyu yana bi kafin ya samu, kuma ya san babu mai yanka shi sai ni.

Aikina ke nan, yanka. A shimfiɗa yadi hawa arba'in a kan dogon tebur, in jera kwalayen siffar riga a kai, in zana da alli, sannan in bi zanen da injin yanka. Wuƙar injin idan ta kauce da faɗin yatsa, riga arba'in sun tashi aiki. Inda wasu ke fitar da riga goma, ni sai na fitar da goma sha ɗaya. Ba alfahari nake yi ba, koya mini aka yi, kuma wadda ta koya mini ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ita ta kawo ni wurin ina 'yar shekara ashirin, ita ce mai yanka kafin ni.

Shekara shida da suka wuce Agogo ya je wani taron manajoji, ya dawo da sabon ilimi, wai zama shi ke kawo lalaci. Washegari aka kwashe kujerun katako goma sha biyu da ke ɗakin yanka. Mu matasa muka yi gunaguni muka haƙura. Gwaggo kuwa ƙafafunta kumbura suke yi, kafin azahar sai ka ga sun yi suntum, takalminta ya nutse a ciki. Wata rana ta ɗan ɗosana a kan bandir ɗin yadi tana murza idon sawunta, sai ga shi ya shigo. Ya dube ta, ya dubi agogo, ya ce a gaban kowa:

"A ɗakin yanka ba a zama, Gwaggo. Wanda ƙafarsa ta gaji, akwai gado a gida."

Ƙarshen watan aka sallame ta, bayan shekara ashirin da uku. Ina tsaye a wurin lokacin da ya faɗi maganar, alli a hannuna, ban ce uffan ba. Da ta tafi, ni aka ba teburinta, na kuwa karɓa. Wannan abin ya fi maganar Agogo ci mini rai, kuma ba na ɓoyewa.

To, kwana biyu da kai takardata sai ga tayi a rubuce. Za a naɗa ni shugabar sashe, albashi ya ɗara na sabon wurin, ga ɗan ofis mai taga, har da kujera mai juyawa. Da Agogo ya karanta mini wurin kujerar sai da na cije leɓe don kar dariya ta suɓuce mini. Ya ce in yi shawara da gida, in ba shi amsa ranar Alhamis.

Gida kuwa baki ɗaya suka yi a kaina. Maigidana ya ajiye takardun biyu, tayin Agogo da na sabon wurin, a kan tabarma, ya danne kowace da kofi don kar fanka ta ɗauke.

"Ni dai ban ga abin tunani a nan ba," in ji shi. "Nan da ƙafa kike zuwa. Can mota biyu za ki hau, ki fita yara ba su tashi ba, ki dawo a gajiye. Ga shi mutumin nan ya gane darajarki."

"Bai gane darajata ba, tsoro ya ji."

"To tsoron ma ai riba ce. Ko so kike ya zo ya durƙusa?"

"Ina zai iya durƙusawa da wannan gwiwar?"

Ya yi dariya ba don yana so ba. Kowa a masana'anta ya san Agogo na fama da ciwon gwiwa tun da ya zame a matakala bara. Daga mota zuwa ofis ma sai ya dafa bango.

Na je wurin Gwaggo ina sa ran ita za ta goya mini baya. Na same ta a tsakar gida, ƙafa a cikin roba da ruwan ɗumi, tana yi wa wandon jikanta faci. Ta saurare ni har na gama.

"Karɓi, 'yar nan. Ni na yafe masa tuntuni."

"Ke kika yafe, Gwaggo. Ni ban yafe ba."

"Ke me ya yi miki? Ni ya kora."

Na sunkuya na ƙara mata ruwan zafi a robar, na ga jijiyoyin nan sun yi ruɗu-ruɗu a ƙwaurinta. A gaskiya har ranar Laraba ban san wanda zan zaɓa ba. Maganar maigidana gaskiya ce, kuma ina son kujerar nan mai juyawa, ba zan yi ƙarya ba. Abin da ya yanke mini shawara ɗan ƙarami ne. Da yammacin Larabar Agogo ya tare ni a bakin ƙofa, bakinsa har kunne, ya ce, "Wai ina tsohuwar nan taku da ta taɓa yi mana aiki? Kakarki ce ko?" Shekara ashirin da uku, ko dangantakarmu bai riƙe ba.

Alhamis da ƙarfe tara ya aiko mai guga ta kira ni. Na ce ta faɗa masa na riga na shimfiɗa hawa arba'in, in na bar shi zai goce, amma in yana so mu yi magana a bakin tebur, bismillah. Ba a yi minti biyar ba sai ga shi yana ɗingishi, takarda a hannu.

"Yallaɓai, ina da 'yan tambayoyi kafin in sa hannu," na ce. "Sai dai ba na magana wuƙa tana tafiya. Ka san dokar."

Ya sani, shi ya kafa ta.

Na tayar da inji, na bi hannun riga a hankali, na zagaya wuya, na sauko gefe. Sai da na ɗauki kusan minti ashirin sannan na kashe, na tambaye shi ko tagar ofishin tana kallon titi ne ko bayan gida. Ya ce titi. Na ce madalla, na sake tayar da inji. Da na kashe na biyu, na tambayi ko shugabar sashe tana da hutun ƙarshen shekara. Na uku, ko wa zai riƙa wasa mini wuƙa. Ban taɓa yin yanka mai kyau irin na ranar ba, kuma ban taɓa yin mai nawa irinsa ba.

Ƙarfe goma da rabi ya fara sauya ƙafa. Sha ɗaya ya dafa teburin, na ce, "Yallaɓai, yadin zai goce," ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. 'Yan ɗakin kowa ya duƙufa a kan aikinsa, amma na san babu kunnen da ba ya wurinmu. Mai guga ta goge kwalar riga ɗaya ya fi sau biyar.

"Malama," ya ce ƙasa-ƙasa, gumi na bin wuyan rigarsa, "ko za mu ƙarasa a ofis?"

"Saura kaɗan. Ga tambaya mai muhimmanci: kujerun ɗakin nan, za a dawo da su?"

"Yau ma kuwa! Yanzu!" Ya ƙwala wa mai sito kira, murna fal fuskarsa, don ya hango wa kansa wurin zama. Mai sito ya zo yana sosa ƙeya.

"Ai Yallaɓai, kai ka ce a ba mai gadi ya yi makamashi da su. Shekara shida ke nan."

Wani ya yi tari a bayan ɗaki, irin tarin da ba na mura ba. Na ce to sai a kira kafinta. A tsaye a wurin ya buga waya, ya ba da aikin kujera goma sha biyu, a kawo ranar Litinin, na sa ya maimaita adadin da ƙarfi don kafinta ya ji da kyau. Na sake tayar da inji.

Sha biyu saura ya kai maƙura. Ta wutsiyar ido na ga ya ja baya, ya lalubi bandir ɗin da ke jingine da bango, ya sulale a kai yana sauke numfashi, hannu biyu a kan gwiwa. Na kashe inji. Shekara shida ina ɗauke da maganar nan a bakina, na zaci da ihu za ta fito, sai ga shi ta fito a hankali.

"A ɗakin yanka ba a zama, Yallaɓai. Wanda ƙafarsa ta gaji, akwai gado a gida."

Ya ɗago ya dube ni. Da farko bai gane ba, daga baya na ga ta faɗo masa, fuskarsa ta canza. Ya yunƙura zai tashi, gwiwar ta ƙi, kuma babu wanda ya miƙa masa hannu.

"Ba kakata ba ce," na ce. "Gwaggona ce, ita ta koya mini abin da kake son saya yau. Amsata a'a ce. Asabar zan gama kwanakina."

Na ajiye takardar tayin a gefensa a kan bandir ɗin, na koma na ƙarasa yankana, don yadin bai yi mini laifin komai ba. Wallahi daɗi na ji, daɗin da har ya ba ni kunya, amma ban fasa jinsa ba.

Maigidana kwana uku yana gaishe ni da ka. Litinin na fita yara suna barci, na hau mota biyu, duka biyun ban sami wurin zama ba, a tsaye na je a tsaye na dawo. Mai guga ta yi mini waya ta ce kujeru sun iso, sun zauna a kai har da waɗanda ba su gaji ba. Aikin asibitin kuma, an ce wanda aka ɗauko ya maye gurbina ya ɓata hawa arba'in tun a makon farko. Ban yi addu'ar hakan ba, amma ban yi jaje ba.

Sai ranar hutu na samu na je wurin Gwaggo, na same ta kamar wancan karon, ƙafa a roba, tana faci. Na ba ta labari tun daga farko. Ta haɗe rai, ta ce ba tarbiyyar da ta yi mini ke nan ba, mutum da ciwonsa, ga shi na jefa kaina a wahalar mota saboda zuciya. Na sunkuyar da kai na ce ta yi haƙuri. Na kuma ce ta yafe mini shirun da na yi a wancan lokacin, da teburinta da na karɓa. Ta ce in rufe mata baki, da wa nake so a ba teburin?

Ta ci gaba da facinta. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce:

"Awa nawa ya yi a tsaye?"

"Kusan uku."

"A kan wane bandir ya zauna?"

"Na jikin bango, kusa da taga."

Allurar ta tsaya. Wurin da ta zauna ke nan a wancan lokacin, ni da ita duk mun sani. Kafaɗunta suka fara rawa, ta kai gefen mayafi ta goge ido, ban iya tantance dariya ce ko kuka ba. Ta fitar da ƙafa ɗaya daga cikin robar, ta gyara zama.

"Matso nan," ta ce. "Sake faɗa mini, tun daga inda ya shigo yana ɗingishi."