Famfon da Ke Jiran Almakashi

Tumatirin Gajere ya fara yaushi a makon da aka gama kafa famfon sola a bakin lambuna. Shukar nan ita ce shekararsa gaba ɗaya. In ta yi, gida ya tsaya. In ta mutu, sai ya kwashi tsufansa ya tafi ƙwadago a lambun yaran da aka haifa a gabansa.

Tun yana yaro aka laƙaba masa Gajere. Ya yi ta tsawo har sai ya sunkuya yake shiga ɗakinsa, amma sunan ya ƙi sakinsa.

Rana kuwa akwai ta a ƙasar, ita ce kaɗai dukiyar da har yau ba a samu wanda ya iya sacewa ba. Masana sun daɗe suna rubuta cewa zafin da ke gasa ƙeyar talaka ya isa ya ɗauke masa ban ruwa da wutar gida duka. Littattafan suna nan a ofisoshi, gara tana nazarinsu. Saboda haka da aka ce za a kawo aikin gaske, masu lambu suka yi murna. Aka haƙa burtsatse, aka jera farantan sola a kan ƙarafa. Da aka rasa inda za a ɗora tanki, sai aka zuba wa tsohuwar rijiyar lambun siminti aka ɗora shi a kanta, tunda dai, in ji kwamitin aikin, zamanin guga ya wuce.

Injiniyar da ta yi aikin ta kunna don gwaji. Ruwa ya yi tsalle daga bakin bututu, mata suka yi shewa. Ta kashe, ta miƙa wa kwamiti makulli, ta shiga mota ta tafi. Kafin ƙurar motarta ta kwanta, kwamiti ya datse ɗakin injin da kwaɗo, ya sa aka lulluɓe farantan da tamfol don kada tsuntsaye su ɓata su kafin Babban Baƙo ya zo. Ƙa'ida ce sananniya: abin da ba a yanka masa kintinkiri ba, bai fara wanzuwa ba, ko da yana tsaye a gabanka.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Gajere ya koma tura kura zuwa wani tafki can bayan gonaki, yana ɗebo jarkoki. Ruwan da zai kawo kafin hantsi bai fi ya jiƙa wa fangali ɗaya leɓe ba.

Makullin yana aljihun sakataren kwamiti, wanda kuma ƙanin matar Gajere ne. Gajere ya same shi a ƙarƙashin rumfar ofis yana goge takalmi.

"A'a, Yaya Gajere! Ka ga yadda ka rame? Ko Yaya ta daina ba ka abinci ne?"

"Yayarka tana ƙoƙari. Kai ne ka hana mu sha ruwa. Ara mini makullin nan, daga hantsi zuwa azahar kawai."

"Haba Yaya. Ba a buɗe ba fa."

"Na ga ruwa da idona ranar gwaji."

"Wancan gwaji ne. Ruwan gwaji daban, ruwan aiki daban."

"Tumatiri bai san bambancin ba."

Sakatare ya yi dariya, ya hura wa takalmin iska. "In Babban Baƙo ya zo ya tarar ƙasa ta jiƙe, ciyawa ta fito a gindin tanki, me zai buɗe? Wanda ya kawo maka abu, ai ka bar shi ya ji daɗin miƙa maka. Ka yi haƙuri, sati mai zuwa ne."

"Wancan satin ma haka ka ce."

"Ya tafi taro ƙasar waje."

"Taron me?"

"Na makamashin rana."

Gajere ya daɗe yana kallonsa, yana neman alamar wasa a fuskarsa. Babu.

A gida matarsa tana shanya wanki ta ji labarin. Ba ta juyo ba ta ce, "Ni na goye shi, na san nauyin kansa. Tun yana ƙarami in aka ba shi ajiyar alewa, gara ta narke a hannunsa da ya buɗe takardar. Malam, ka fasa kwaɗon nan mana."

"A kore ni daga ƙungiyar masu lambu? A ƙwace fangalan?"

"To zauna. In sun bushe sai ka riƙa ban ruwa da ladabi."

Bai fasa kwaɗon ba. Ya yi shekaru yana bin layi, kuma wanda ya saba bin layi yakan ɗauka akwai wani abu a ƙarshensa. Sati ya zo ya wuce, wani ya bi bayansa. Fangalan gefen hanya suka fara tafiya, ganye ya nannaɗe, fure ya zube. Ya daina kai musu ruwa, ya tattara ƙarfinsa a kan na tsakiya. Kullum da tsakar rana yakan tsaya ya miƙe bayansa, ya dubi tamfol ɗin can sama yana shan rana shi kaɗai, har ya fara koɗewa.

Daga ƙarshe ranar ta zo. Tun da safe aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka yaye tamfol, farantan suka yi ta walƙiya kamar an wanke su da madara. Aka ɗaura kintinkiri a ƙofar ɗakin injin. Aka ce da hantsi Baƙo zai iso. Aka zaunar da masu lambu a sahun gaba, aka ce kowa ya sa rigar kirki amma kada ta cika kyau, don a gane su ne masu cin gajiya.

Hantsi ya wuce. Azahar ta yi, rana tana tsakar ka, irin wadda za ta cika tankin nan kafin mutum ya gama alwala. Gajere yana zaune, yana hango fangalansa ta tsakanin ƙafafun rumfa. Mai lasifika ya ce ayari ya taso. La'asar ta yi, ya ce ayari ya tsaya gaisuwa a hanya. Inuwar tanki ta miƙe, ta hau kan farantan ɗaya bayan ɗaya.

Sai da rana ta zama ja, ta zauna a kan itatuwa, sannan aka ji jiniya.

Babu wanda bai san abin da zai faru ba a wurin nan. Shugaban kwamiti ya sani, sakatare ya sani, mai sayar da ruwan leda ma ya sani: injin ba shi da batir, da rana yake aiki, in ta faɗi ya kwanta. Amma wa zai tari babban mutum ya ce masa ya makara? Babba ba ya makara, sai dai rana ta yi gaggawa.

Baƙon ya yi jawabi mai tsawo a kan arzikin hasken da Allah ya hore wa ƙasar, har sauran hasken ya ƙare. Aka miƙa masa almakashi a kan faranti. Ya yanka, aka tafa. Ya shiga ya danna makunni, masu hoto suka durƙusa a gaban bututu.

Bututun ya yi tari sau ɗaya, ya tofar da abin da bai cika kofi ba, ya yi shiru.

Baƙon ya sake dannawa. Ya juyo ya dubi shugaban kwamiti, shugaban ya dubi sakatare, sakatare ya dubi takalminsa.

"Ranka ya daɗe," in ji shugaban, "da alama 'yan kwangila sun yi mana algus."

Fuskar Baƙon ta saki, an ba shi inda zai ajiye kunyarsa. Nan take ya karɓi lasifika ya ce ba zai lamunci ha'inci ba. Za a kafa kwamitin bincike, kuma kada kowa ya taɓa injin har sai an gano bakin zaren. Aka tafa fiye da na farko. Aka mayar da kwaɗo, aka ƙara masa wani.

Washegari Gajere ya fita da kurarsa kamar kullum. Ya kai bakin lambu ya tsaya. Na tsakiyan ma sun fara sunkuyar da kai, kuma ya san tumatiri: wanda ya wuni haka yau, gobe sai dai a tumɓuke. Ya dubi hanyar tafki, ya dubi farantan, waɗanda a rikicin jiya aka manta ba a rufe ba. Ya ajiye kurar, ya je wurin mai gyaran keke ya aro guduma.

Kwaɗon farko ya yi gardama, na biyun bugu ɗaya ya buɗe baki. Ya danna makunnin da Baƙo ya danna. Injin ya yi gunaguni a can ƙasa, bututu ya girgiza, ruwa ya ɓarke. Ya jona tiyo ya ja shi zuwa fangalansa, ƙasa tana sha tana ƙara kamar mai a kasko.

Bai kai rabin fangali ba sai ga sakatare a guje, hula a hannu.

"Yaya! Yaya, kashe! Don girman Allah kashe!"

"Ina kwana, ɗan gidan surukai."

"Ka san abin da ka yi? Mai Girma ya faɗa a gaban duniya cewa injin nan ya lalace. In aka ji yana aiki, me muka mayar da shi ke nan?"

"Ka ce ya warke cikin dare. Addu'arsa ce."

"Ba wasa nake ba! Za su cire ka daga ƙungiya. Ni ma kujerata..." Ya haɗiye sauran. Ruwa ya biyo kwari ya kewaye masa takalmi, ya ja da baya. "Yaya, ni zan rubuta sunanka da hannuna. Ka san ba ni da yadda zan yi."

"Na sani. Rubuta da kyau."

Can gefe masu lambu sun fara fitowa ɗaya-ɗaya. Ba wanda ya dubi Gajere, kada gobe a kira shi shaida. Kowa dai ya ɗauki fartanya yana buɗe bakin kwarinsa a hankali, kamar abin ya faru ne da kansa.

Gajere ya bi fangalan yana dubawa. Na gefen hanya sun zama kara, ko kogi aka juyo musu ba za su tashi ba. Cikin na tsakiya ma akwai waɗanda ya taɓa suka karye a hannunsa. Abin da ya rage bai kai rabi ba. Zai ciyar da gida in an tsuke baki, in kuma an bar shi ya kai girbi.

Sakatare yana nan tsaye, waya a kunne, yana cewa, "E, ranka ya daɗe... a'a, ba ya aiki sosai... wato yana zubar da ruwa ne kawai."

Gajere ya tsallake matattun, ya ja tiyon zuwa fangali na gaba.